Ajin Italiyanci na ranar Asabar a Nima, ra'ayina

Masu tambaya ta ko ajin Italiyancin nan na unguwar Nima a Accra ya cancanci kuɗinsa, e ya cancanta, amma ku san me za ku tarar. Malamin ya daɗe a Napoli kafin ya dawo gida, galibin ɗalibansa samarin zango ne masu shirin tafiya Italiya, Litinin zuwa Alhamis gaisuwa da lissafi da cike fom ake yi, ranar Asabar kuwa sai ya ɗauko Inferno, littafin waƙar da Dante, mawaƙin Italiya, ya rubuta kan tafiyarsa cikin wutar lahira, kuma wallahi don ita nake biya.

Makon jiya mun tsaya a waƙa ta 3, inda Dante ya ga wani a bakin wuta cikin waɗanda ba su yi alheri ba ba su yi sharri ba, ya ce ya gane shi, mutumin da tsoro ya sa ya ƙi babban al'amari, bai faɗi suna ba. Wani yaro ya ce Malam to wane ne? Sai Malam ya rubuta sunayen waɗanda ake zato a allo ya ce ku kawo hujja. Fafaroma Celestine V, tsoho mai zaman kaɗaici a dutse, an zaɓe shi a Yulin 1294 ya sauka a Disamba, wanda ya gaje shi Boniface VIII ne, shi kuwa Dante yana ganin da hannunsa a korar da aka yi masa daga Florence a 1302. Sai Bilatus, gwamnan Roma da ya wanke hannu a shari'ar Yesu, sai Isuwa, yayan Yakubu, da ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon abinci. Ni Celestine na riƙe, ai ba za ka gane fuskar wanda ya mutu shekara dubu kafin a haife ka, kamar Bilatus da Isuwa, ba. Wata hajiya ta ce to ai coci ta sa shi cikin waliyyai a 1313, ta yaya waliyyi zai tsaya ƙofar wuta, Malam ya ce hujjarki da ƙarfi Hajiya, muka yi ta kai-kawo har aka kira la'asar, bai tilasta wa kowa amsarsa ba.

Matsala dai ɗakin akwai zafi, fanka ɗaya ce, littafin ma bai isa ba sai ka ɗauki hoton shafi da waya. Ta momo, wato tura kuɗi ta waya, ake biya duk wata, in za ka je ka zo da biro da ruwanka, kuma ka riga kowa don kujerun kusa da taga da wuri suke cika.