Memorin alamomin tashin ƙiyama da na saya wa Inna a Gusau

Tun da idon Inna ya yi rauni ta daina duba littafi, wayarta ta zama abokiyar hira. Ita ta matsa min in samo mata karatun alamomin tashin ƙiyama, irin wanda ta ji a gidan maƙwabta. Na shiga wani shagon masu turi a nan Tudun Wada, yaron shagon ya ce, "Yallaɓai, akwai cikakke, har da bidiyo." Memori mai giga 8 haɗe da kuɗin turi, naira 4,000 na biya.

Folda biyu ce a ciki. Ta farko ita kaɗai ta ci kuɗinta. Murya tas, babu ƙarar janareta a baya kamar yadda aka saba. Malamin ya faro daga hadisin Jibrilu, inda Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ake tambaya bai fi mai tambaya sanin lokacin ba, sannan ya bi manyan alamomi goma na hadisin Huzaifa da ke cikin Muslim ɗaya bayan ɗaya: hayaƙi, Dujal, dabba, fitowar rana daga yamma, saukowar Annabi Isa (AS), Yajuju da Majuju, kifewar ƙasa sau uku, da wutar da za ta taso daga Yaman. Abin da ya burge ni, in ruwaya ba ta inganta ba yakan faɗa, ba ya ƙara mata gishiri don mata su yi kuka. Aibinta ɗaya, ba a jera darussan ba, sai na bakwai ya riga na biyu.

Folda ta biyu kuwa tarkace ce aka kwaso daga intanet, aka ɗora wa muryar Hausa da kiɗan ban tsoro. Har da wanda ke rantsuwa duniya za ta tashi ranar 21 ga Disamba 2012 saboda kalandar ƙabilar Maya ta Meziko. Ko duba shekara mai turin bai yi ba.

Wanda ya hana Inna barci shi ne na 2029. Bayan sallar isha ta kira ni, ta ce, "Kai, ashe dutse zai faɗo mana, ba ka gaya min ba?" Dutsen dai gaskiya ne, yana yawo a sararin samaniya, Afofis ake ce masa, faɗinsa wajen mita 340, kuma zai gifta kusa da duniya ranar Juma'a 13 ga Afrilu 2029, da tazarar kimanin kilomita 32,000. Amma tun 2021 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ce ba zai buge mu ba, a wannan karon ko cikin shekara ɗari masu zuwa. Wannan ne mai bidiyon ya haɗiye. Su masana kimiyya lissafinsu na ƙarshen duniya ya fi karkata ga rana, cewa nan da shekara wajen biliyan 5 makamashinta zai yi ƙasa, ta kumbura ta yi ja. Lissafi ne nasu, ba su ce wahayi ba ne. Shi ko gogan naka sai ya ɗauko farkon Suratut Takwir ya manna a kai, ya yanka rana da wata, alhali aya ta 187 a Suratul A'araf ta ce sanin Sa'a yana wurin Ubangiji kaɗai. Bai bi malamai ba, bai bi masu kimiyyar ba.

Na tuna wa Inna kusufin ranar 29 ga Maris 2006, da Gusau ta yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki, ita kuma ta tara mu a ɗaki tana salati. Dariya ta yi, ta ce ai ranar har wasiyya ta bar wa Baba.

Washegari na koma shagon. Yaron ya ce, "Wallahi Yallaɓai, waccan foldar aka fi nema." Kuɗi dai bai mayar ba, amma ya goge ta, ya jera min darussan da lamba, ya cike gurbin da tafsirin juz'in Amma. Wanda zai saya wa tsohonsa, ya sa a buɗe masa memorin a kwamfutar shagon kafin ya miƙa kuɗi.