PAPSS: Kuɗi Na Isa Cikin Minti Biyu, Amma Dala Tana Nan

An ƙaddamar da PAPSS, tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka da kuɗaɗensu na gida, a Akra ranar 13 ga Janairun 2022. Bankin shigo da kaya da fitarwa na Afirka, Afreximbank, ne ya gina shi tare da Tarayyar Afirka domin yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar, wato AfCFTA, aka fara gwajinsa a Najeriya, Gana, Gambiya, Gini, Laberiya da Saliyo.

Wajen sauri ba shi da makusa. Ɗan kasuwa ya ba bankinsa umarni da naira, a tantance shi, mai kaya a Gana ya ga sidi a asusunsa, kuma ƙa'idar ita ce kada a wuce daƙiƙa 120. A da sai kuɗin sun zagaya ta wani banki a Amurka ko Turai, a canja su sau biyu, kowane banki ya yagi rabonsa, a kwana ana jira.

Inda gizo ke saƙar shi ne rufe lissafi. Kullum ana haɗa abin da ya shiga da wanda ya fita tsakanin ƙasashe, a biya ragowar kawai. Idan cinikin ya yi kunnen doki, ragowar kaɗan ce. Idan kuwa ƙasa ɗaya ce ke ta saye, bambancin yakan yi yawa, kuma galibi da dala ake cike shi, don babu babban bankin da ke son tara kuɗin maƙwabci masu faɗuwa. Masu cewa PAPSS ya kori dala sun yi azarɓaɓi.

Wataƙila hakan ma kariya ce. An cire wasu bankunan Rasha daga SWIFT, hanyar da bankunan duniya ke aika wa juna saƙon biyan kuɗi, a 2022, Sin na tallata nata tsarin biyan kuɗin mai suna CIPS, Trump kuma ya yi wa ƙasashen BRICS (ƙungiyar su Brazil, Rasha, Indiya, Sin da Afirka ta Kudu) barazanar harajin kashi 100 idan suka nemi madadin dala. PAPSS bai jingina da kowa ba, shi ya sa bai tsokano tsuliyar dodo ba.

Kafin ka tura, tabbatar bankinka da na mai karɓa duka suna cikin tsarin, sunan asusu ya yi daidai harafi da harafi, sannan ka gwada farashin canjin da aka ba ka da na kasuwa, domin ta nan riba ke zurarewa. Ga ƙaramin biya tsakanin waɗannan ƙasashe shida ya cancanci gwadawa. Babban biya kuwa har yanzu sai da takardun ciniki da babban bankin ƙasarka ke nema.