Zobban dutsen watan haihuwa a wani shago a Jos: aikin maƙeri ya yi kyau, takardar bayani ta wuce gona da iri

Shagon da nake son yin bayani a kansa ƙarami ne, yana cikin garin Jos, kuma abin da ya shahara da shi shi ne zobba, 'yan kunne da sarƙoƙin azurfa waɗanda ake ɗora wa dutsen da aka danganta da watan da mai saye ya zo duniya. An jera kayan cikin akwatin gilashi a layi 12, daga ganet mai jan duhu na Janairu zuwa shuɗin dutsen Disamba, kuma duk wanda ya sayi abu ana haɗa masa da 'yar takarda mai bayyana tarihin dutsen da ma'anarsa.

Aikin azurfar shi ne abin yabo na farko. Maƙerin farin da ke yi wa shagon aiki yana da hannu mai kyau: zoben amatis da na saya wa ƙanwata, wadda aka haifa a Fabrairu, yana ɗauke da hatimin 925 a cikinsa, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce, sauran kuwa yawanci tagulla ce da ake gauraya wa don ƙarfi. An zagaye dutsen da baki na azurfa maimakon a riƙe shi da siraran farata, saboda haka ba ya kama mayafi, kuma bayan wanki da girki na yau da kullum bai yi motsi a mazauninsa ba. Da zoben ya ɗan yi mata yawa, an rage shi ba tare da an karɓi ƙarin kuɗi ba, kuma wurin da aka haɗa ba ya ganuwa sai an kai shi kusa da ido.

Matsalar tana cikin takardar bayanin, wadda take gabatar da jerin duwatsun kamar wani ilmi ne da aka gada ba canji tun zamanin annabawa. Gaskiya ne cewa labarin yana da tsohon tushe. Littafin Fitowa, ɗaya daga cikin littattafan Attaura, ya siffanta ƙyallen ƙirji na Annabi Haruna mai duwatsu 12, kowanne a madadin ƙabila ɗaya ta Bani Isra'ila, kuma a ƙarni na 1 masanin tarihi Josephus ya danganta waɗannan duwatsu da watanni 12 na shekara da kuma burujai. Sai dai al'adar mutum ya riƙe dutse guda na watan haihuwarsa ta zo ne daga baya ƙwarai a Turai, jerin da shagon yake amfani da shi kuwa ƙungiyar masu sayar da kayan ado ta Amurka ce ta tsara shi a 1912. An yi masa gyara a 1952, an ƙara tanzanayit a Disamba a 2002, sannan aka ƙara sifinel a Agusta a 2016. Tanzanayit ɗin nan ba a gano shi ba sai a 1967, a tuddan Merelani kusa da Arusha a Tanzaniya, kuma kamfanin Tiffany ne ya raɗa masa suna ya kai shi kasuwa. Dutsen da duniya ba ta san shi ba kafin samun 'yancin Nijeriya ba zai zama gadon kaka da kakanni ba, amma takardar shagon ta rubuta masa ma'anoni kamar yadda ta rubuta wa yaƙutu.

Ma'anonin da kansu suna da daɗin karatu idan aka ɗauke su a matsayin tarihin abin da wasu al'ummomi suka yi imani da shi. Mutanen Girka na dā sun ɗauka amatis yana hana maye, matuƙan jirgin ruwa suna riƙe akwamarin na watan Maris don neman tsira a teku, ganet kuma an danganta shi da kariya ga matafiyi. Da takardar ta tsaya a nan, da ban ce komai ba. Amma ta zarce tana alkawarin cewa dutsen yana jawo arziki, yana kore damuwa, yana gyara zaman aure, kuma wannan magana ce da malamanmu suke gargaɗi a kanta, domin jingina amfani ko cuta ga dutse ya shafi aƙida. Sanya zoben azurfa mai dutse don ado ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi, tunda ya zo a hadisi cewa zoben Annabi (SAW) na azurfa ne mai dutsen Habasha. Jerin ma gaba ɗaya yana bin watannin Miladiyya ne, don haka wadda abin da ta sani shi ne an haife ta da azumi sai ta fara da lissafi.

Game da ingancin duwatsun, mai shagon yana faɗin gaskiya idan an tambaye shi, amma ba ya farawa da kansa. Sai da na nemi tabaran ƙara girma na duba jan yaƙutun Yuli, na ga layuka masu lanƙwasa a cikinsa, sannan ya ce, "Gaskiya ne Malam, wannan na masana'anta ne." Yaƙutun masana'anta ba jabu ba ne irin na gilashi, domin sinadarinsa ɗaya da na ƙasa, kuma tun 1902 aka bayyana hanyar Verneuil ta yin sa, amma ya kamata a rubuta hakan a jikin farashi. Haka nan bai gaya wa wata mata da ta zaɓi ofal na Oktoba cewa dutsen yana da laushi ba. A ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin duwatsu da shi, ofal yana tsakanin 5.5 da 6.5, ƙurar hunturu kuwa tana ɗauke da yashi mai taurin 7, wanda a hankali yake dusashe ƙyallin duk dutsen da bai kai shi ba. Ofal ya fi dacewa da ɗan kunne ko abin wuya, ba zoben da zai shiga ruwan wanke-wanke ba.

Abin da ya fi daraja a shagon yana cikin wani aljihun tebur da ba a baje shi ba: shuɗin yaƙutu daga tsaunin Mambila, akwamarin daga Nasarawa, da tofaz na yankin Filato. Yaƙutu yana da taurin 9, tofaz 8, kuma duka biyun za su jure hannun mai aiki na shekaru. Wanda ya je shagon ya nemi a buɗe masa wannan aljihun, ya tambayi kowane dutse ko na ƙasa ne ko na masana'anta, kuma ya sa a rubuta amsar a rasit kafin ya biya.