Mai duba mota da kwamfuta: shan mai ya ragu, amma ina da ƙorafi

Masu tambayata ko mutumin nan da na kai wa Corolla ta ya iya aiki, eh ya iya, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai ku karanta har ƙasa kafin ku nufi garejinsa.

Motar 2006 ce, inji 1.8, irin wadda kowa ke cewa saya ba ta shan mai. Da can da lita ba ta kai naira 200 ba wa ma yake kallon allurar mai? Sai da aka cire tallafi a Mayun 2023 na gane tawa ba lafiya ba. Tankinta lita 50 ne amma in na cika, zirga-zirgar cikin Kano kawai, gida, ofis, makarantar yara, sai ka ga allura ta zube kamar tankin ya ɓule. Makanikena na da ya ce nozul ne aka wanke, ya ce fulogi ne aka canza, ƙarshe ya ce wai AC ce in daina kunnawa. A zafin Afrilu fa!

Shi wannan da ya jona na'urarsa a ƙasan sitiyari sai ya ce Alhaji mu ɗan zaga. Muna tafe yana nuna min zafin ruwan inji a allon, mun yi tafiya mai nisa amma ko digiri 70 ya ƙi kaiwa. Ya ce wa ya cire maka tamostat? Wato ɗan abin nan da ke tare ruwa kar ya zaga lagireto sai inji ya ɗau zafi. Muka dawo ya kwance inda tiyon lagireto na ƙasa ya haɗu da inji, wayam, ba komai a gurbin, sannan an haɗa fanka dairek, kana murɗa makulli ta fara juyawa har sai ka kashe mota. Aikin nan ne da masu gyara suke yi da sunan wai ƙasarmu akwai zafi, tamostat na ƙasar ƙanƙara ne. Bayanin da ya yi min, na wannan injin sai ruwa ya kai 82 yake buɗewa, in babu shi inji ba ya ɗaukar zafin da ya kamata, ita kuma kwamfutar motar tana zaton har yanzu ba a gama wamin ba sai ta yi ta tura mai fiye da kima. Ya ciro fulogi ɗaya ya miƙo min, wanda bai daɗe da shiga ba, bakinsa baƙi ƙirin, na shafa da yatsa kunkunniya ta biyo hannuna tana warin fetur. Wallahi a nan jikina ya yi sanyi, ashe kuɗina ne ke fita ta salansa.

Aka aika Ƙofar Ruwa aka sayo tamostat, ya mayar da fanka yadda kamfani ya yi ta, ya juye baƙin mai 20W-50 ɗin da ake ɗura min ya sa 5W-30 da ke rubuce a murfin baƙin mai, ya canza filtar iska. Tayoyin baya ma iskarsu ta yi ƙasa, ya nuna min takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, 30 aka rubuta, ya ce in daina barin mai faci yana gwada taya da bugun hannu.

Bambanci kam na gani. Na je Kaduna na dawo da AC a kunne, man da ada sai na ƙara a Zariya wajen dawowa shi ya kawo ni gida har da saura. Ko da yake in ka taka ta wuce 110 za ta sha abinta, wannan ba laifin kowa ba ne, haka go-silon Kurna da yamma, tsaya-tafi ba motar da ba ya cinye wa mai.

Inda raina ya ɓaci, aikin da ya ce na yini ɗaya ne motata ta kwana ta ƙara kwana, ka kira waya ba a ɗauka. Da na je karɓa na tarar allura ta sauka daga inda na bar ta, na tambaya sai wani yaronsa ya ce ai sun ɗan ɗiba ne sun wanke kaya da shi. Jama'a, na kawo mota a rage min shan mai ku kuma ku kwashe min? Ga baƙin mai a kujerar direba, shatin hannu ɓaro-ɓaro. Da na yi magana ogan cewa ya yi Alhaji ka yi haƙuri yara ne, ko sisi bai rage min a kuɗin aiki ba, kuma kun san kuɗinsa ba sauƙi.

Sannan ga maganar indomi, wato abin nan na cikin salansa da ke tace hayaƙi. Ya leƙa ƙasa ya ce an fafe na cikin salansa tuni, shi ya sa fitilar cek injin da ke gaban direba ba za ta mutu ba. Na yarda ba shi ya cire ba, amma yadda ya matsa min lallai a wajensa zan sayi wani, da kuɗin da ya faɗa, abin bai kwanta min ba. Na ce a bar shi tukuna.

In gano ciwo ne ku je, ya san abin da yake kallo. Amma ku ɗauki hoton allurar mai kafin ku miƙa makulli, in da hali ma ku ja benci ku zauna a gama a gabanku. Sabis kam ba zan kai masa ba, cek injin ɗin kuma tana nan a kunne har yau.