Mai ɗaukar bidiyon bikin ƙanwata

Yaron da ya ɗauki mana bidiyon biki a Kano ya iya aikinsa. Wajen ɗaurin aure, durƙusawa ya yi ya ɗauko Baba daga ƙasa, babbar riga ta cika allo, tsohon ya fito da kwarjini kamar hakimi. Da gwaggo ke yi wa amarya nasiha kuwa, sai ya matso da kyamara daf da fuskarta, har kwallin da hawaye ya wanke ana gani. Mama kasa ƙarasa kallon wurin nan ta yi.

Jirginsa mara matuƙi ne bai gamsar da ni ba. Daga sama kowa ya koma ɗan mitsitsi, ba ka gane dangin ango balle na amarya, kuma ya ja shi da tsawo. Zan sake kiransa, amma ya bar jirgin a gida.