Sharhi: Kwalin Ulun Saƙa Bargon Kirsimeti da Na Saya a Intanet

Hoton da mai shagon ta saka a Instagram ne ya ja ni: bargo mai gida-gida, ja da kore da fari, an ɗan ratsa shi da ruwan zinare, an yafa shi a kan kujera. A ƙasa ta rubuta cewa duk abin da ake buƙata yana cikin kwali ɗaya, ke dai ki zauna ki saƙa. Tun ina firamare nake riƙe kwarashi, sai dai saƙata ba ta wuce hula da safa da rigar sanyin jarirai ba, irin waɗanda ake kaiwa barka. Ina da maƙwabciya a nan Jos, dattijuwa ce, Mama muke ce mata. Duk Kirsimeti sai ta aiko mana da shinkafa da cincin, mu kuma mu kai mata naman layya. Bana na ce bari in yi mata abin da zai daɗe a hannunta, na tura kuɗi aka aiko min da kwalin ta tasha.

A ciki na tarar da dunƙulen ulu 12, kowanne giram 100, uku-uku na launi huɗu. Akwai kwarashi na ƙarfe mai kaurin milimita 4 da roba a mariƙinsa, da allura mai faɗin kafa ta ɓoye bakin zare, da takardar bayani cikin Turanci. Bisa takardar, za a saƙa falle 80, kowanne santimita 15 ta kowane gefe, a jera takwas a faɗi goma a tsawo, bargo ya tashi santimita 120 da 150 kafin a yi masa baki.

Ga wadda ba ta san wannan saƙa ba, ita ce Turawa ke kira granny square. Daga tsakiya ake farawa da 'yar zobe, sai a riƙa zagayawa ana kafa dogayen sanduna uku-uku, ana barin rami tsakaninsu, a kowace kusurwa a yi rukuni biyu da sarƙa a tsakani don falle ya fita da kusurwa huɗu. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake yin ta a Amurka da Ingila, ta kuma yi tashe sosai a shekarun 1970, har riguna da jakunkuna ana yi da ita. Asalin amfaninta kuwa shi ne cinye ragowar zare: guntun ja daga wannan aiki, guntun shuɗi daga wancan, ba a zubar da komai. Shi ya sa tun da na buɗe kwalin nake tambayar kaina ko akwai dalilin sayen sabon ulu kilo ɗaya da ɗoriya don saƙar da aka ƙirƙira saboda guntaye.

Shi ulun kansa ba ni da abin cewa a kansa sai yabo. Akirilik ne zalla, wato na roba, ba gashin tumaki ba, amma yana da laushin da ban saba samu a ƙananan dunƙulen da muke saya a kasuwar Taminus ba. Murɗinsa ya kama, ba ya rabewa a bakin kwarashi, kuma a cikin dunƙule 12 sau ɗaya na ci karo da ƙulli. Abin da na fi tsoro shi ne ja ya zuba a kan fari, don haka kafin in yi nisa na saƙa falle ɗaya na jiƙa shi a ruwan ɗumi da garin sabulu ya kwana. Da safe ruwan fes, farin ma yana nan yadda yake. Akirilik yana riƙe launi fiye da zaren auduga, wannan kuwa ya tabbatar min. Jan mai duhu ne, ba irin mai kashe ido ba, koren kuma na ganyen mangwaro. Wanda ya zaɓi launukan ya san aikinsa.

Kwarashin ma ya yi min. Wadda ta saba da siririn ƙarfe mara mariƙi ta san yadda babban yatsa ke yin kanta idan aiki ya yi tsawo. Wannan na kan yi awa biyu da shi ban ji hannuna ya sage ba. Har yanzu shi nake ɗauka ko da wani aikin zan yi.

Inda muka saɓa da mai shagon shi ne lissafin zare. Kowane falle zagaye shida ne. Na farko rukunin sanduna 4 ne, na biyu 8, haka yake ƙaruwa da huɗu-huɗu har na shida ya kai 24, jimla 84. Ke nan zagayen ƙarshe shi kaɗai yana cin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na zaren falle. Takardar ta ce a yi zagayen ƙarshe na kowane falle da fari, a haɗa fallayen da fari, a kuma yi bakin bargo da fari. Na ɗora falle ɗaya a kan sikelin kicin ya ba ni giram 14. Sau 80 ya zama giram 1,120, a ciki rabon fari kusan giram 320 ne, alhali giram 300 aka saka a kwalin. Tun ba a zo maganar haɗi da baki ba fari ya riga ya gaza. An dai raba launukan daidai wa daida don kwali ya yi kyan gani, ba a zauna an auna abin da kowanne zai ci ba.

Da na yi mata magana, amsar da ta fara ba ni ita ce wataƙila hannuna ne ke da sako-sako. Na aza tef a kan falle na ɗauki hoto na tura mata, santimita 15 cif, yadda takardarta ta ce. Daga nan ta sauko, ta ce za ta sayar min da ƙarin fari biyu, kuɗin mota a kaina. Da suka iso, lambar rinin da ke jikin takardar dunƙulen ba ɗaya ba ce da ta farko. Duk mai saƙa ta san abin da wannan ke nufi: launi ɗaya ne a suna, amma tukunyar rini daban. Sabon ya ɗan fi karkata zuwa ruwan madara. Da dare ba a gani, da rana kuwa idan an kara su ana gani. Dabarar da na yi, na tara ragowar fallayen da suka samu sabon farin na jera su a layin ƙarshe, na kuma yi haɗi da baki gaba ɗaya da shi, sai bambancin ya zama kamar da gangan aka yi.

Takardar bayanin ta wadatar ga wadda ta iya, amma ba zan miƙa wa 'yar koyo ita ba. Babu zanen alamomi, rubutu ne zalla da gajerun haruffa, kuma ba a faɗi cewa salon Amurka aka bi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin doguwar sandar da Amurkawa ke kira double crochet ita ce treble a wajen mutanen Ingila, su kuma abin da suke kira double crochet gajeren ɗauri ne. Yarinyar da ta ɗauki takardar nan ta je YouTube ta faɗa kan bidiyon 'yar Ingila, za ta saƙo wani ɗan abu mai tauri da bai kai rabin girman da ake so ba, ta ɗauka ita ce ba ta iya ba. Layi ɗaya na bayani da ya isa ya hana wannan.

An kuma rubuta a jikin kwalin cewa aiki ne na 'yan kwanaki. Falle ɗaya yana cin kusan rabin awa a hannun da ya saba, 80 ke nan awa 40, ban da haɗi. Sannan ga abin da tallar ba ta ambata ba ko kaɗan: bakin zare. Tun da kowane zagaye ana sauya launi, kowane falle yana barin jela 12, bargo gaba ɗaya 960, kuma kowace sai an zura ta a allura an ɓoye ta a cikin saƙa, gaba da baya, in ba haka ba wanki biyu ya isa ta zame rami ya buɗe. Ƙulla su a yanke ba ya yi da akirilik, santsi gare shi, ƙullin kwancewa yake. Ni duk falle biyar sai in tsaya in ɓoye nasu kafin in ci gaba. Mace mai aiki da yara da girki da ke son bargo ya isa kafin 25 ga Disamba, ta fara tun Oktoba.

Akwai kuma abubuwan da ba laifin kowa ba ne, yanayinmu ne. An tsara bargon nan ne don gidan da tagoginsa ke rufe ruf, ba don hunturunmu ba. Farin ulu da ƙurar Disamba ba sa ga maciji. Fallen da na bari a kan kujera na kwana biyu sai da farinsa ya koma ruwan ƙasa, dole na koma ajiye komai a cikin leda mai zif, ina ciro dunƙule ɗaya-ɗaya. Busasshiyar iska tana sa akirilik ya riƙa ƙyas-ƙyas yana manne wa zane, idan kuma hannu ya yi kaushi sai zaren ya riƙa kamawa yana tada gashi. Na kan shafa man kaɗanya da dare, da safe in wanke hannu kafin in taɓa fari, don maiƙo ma jan datti yake. Da zan sake, zagayen ƙarshe da kore zan yi shi, in bar fari a tsakiya inda hannu da ƙasa ba sa yawan kaiwa.

Batun ɗumi kuma, kada a yaudari kai. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin asubahinta a Disamba da Janairu sai wanda ya kwana a ciki. Saƙar nan ramuka ce jere, iska tana ratsa ta. Idan an ɗora ta a kan zanen gado ko wani mayafi tana riƙe ɗumi sosai, tana kuma da nauyi mai daɗi a jiki. Ita kaɗai kuwa ba ta kai bargon kasuwa mai gashi ba. Wurinta falo ne, a rufe ƙafa da yamma, ko a yafa a kafaɗa.

Abu ɗaya da ya kamata a buga da manyan haruffa a kwalin, ba a buga ba: akirilik daga sinadaran man fetur ake yin sa, ba ya jure wuta. Narkewa yake ya manne a fata. A garin da tsofaffi ke ajiye kaskon garwashi kusa da ƙafa lokacin sanyi, wannan magana ce babba. Da na kai wa Mama, kafin ta gama sa albarka na ce, "Mama, don Allah ban da jin ɗumi da shi a jiki, ban da dutsen guga." Ta yi dariya ta ce, "'Yata, wannan ai na ganin baƙi ne, wa zai kai shi gaban wuta?" Ko wajen daidaita fallayen kafin haɗi, ban bar dutsen guga ya taɓa su ba. Na kafe kowanne da fil a kan katifa, na riƙe dutsen daga sama tururi kawai yana sauka, na bar su suka huce. Idan ƙarfen ya taɓa ulun, lafewa yake ya yi sheƙi, kuma ba ya komawa.

An wanke shi da hannu a ruwan sanyi, aka shimfiɗa shi a inuwa maimakon ratayewa a igiya, don nauyin ruwa yana jan saƙa ta yi tsawo. Bai zuba ba, bai motse ba, gashin da ya tayar kaɗan ne a wuraren haɗi.

To, ya cancanci kuɗinsa? Idan na haɗa da ƙarin farin da kuɗin mota sau biyu, abin da na kashe ya haura ninki biyu na abin da zan kashe da a kasuwa na tsinci uluna. Abin da na samu a kan ƙarin shi ne laushi, da launuka huɗu da suka dace da juna, da kwarashi mai kyau. Don kyauta ta musamman irin wannan, ban yi da na sani ba. Amma ba zan sake sayen kwali ba. Zan nemi irin ulun nan a warware, in yi lissafina da kaina, in ɗauki launin haɗi da yawa daga lambar rini ɗaya. 'Yar koyo kuwa ta fara da guntayen da ke cikin jakar saƙar gidansu, ta yi falle goma ta ga ko tana da haƙurin ɓoye jela kafin ta zuba kuɗi.

Wasu ƙawayena sun ce in yi musu irinsa na Sallah da wasu launukan. Na ce musu a 'yan shekarun nan Sallah a zafi take faɗowa, tun da kowace shekara da kusan kwana 11 take matsowa, sai an ɗan jima kafin ƙaramar Sallah ta shigo hunturu. Mun daidaita a kan rigunan filon kujera, falle tara-tara a kowace fuska, da zaren auduga. Wadda kuma ta riga ta yi odar kwali irin nawa, ta ce a ƙara mata fari biyu tun kafin a rufe shi, ta kuma nemi a turo mata hoton lambar rinin.