Babban akwati ko jakar goyo? Amsa ga Hajiyar da za ta Maroko

Hajiya sannu da ƙoƙari, tun jiya na ga tambayarki sai yanzu na samu zama. Kin ce kwana 10 za ki yi, ki sauka Kasabalanka, ki wuce Fas ziyara, sai Marakesh ki juyo gida, kuma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin babban akwati mai taya da ƴar jakar goyo. Ni duka biyun na bi wannan hanyar da su, to bari in jera miki.

A filin jirgi akwati ne sarki, wannan ba musu. Daɓe sumul, kina turawa da yatsa biyu, ki miƙa a auna kilo 23 ɗinki, kin huta sai Kasabalanka. Jakar goyo kuwa tana bayanki, kuma abin da ake bari a shiga da shi ciki kilo 7 ne zuwa 10 gwargwadon kamfani, ki duba tikitinki. Ga dokar abu mai ruwa, duk kwalbar da ta wuce mililita 100 ba ta shiga. Shito ma, wato soyayyen yajin nan namu na Ghana, a cikin masu ruwa suke lissafa shi, ina ji ina gani kwalba guda da aka soya min a unguwar Aboabo ta Kumase ta faɗa kwandon shara, har yau abin na min ciwo wallahi.

Amma ana fita filin jirgi labari ya sha bamban. Gari uku fa jirgin ƙasa ne hawa da sauka, Kasabalanka zuwa Fas wajen awa 4, Fas zuwa Marakesh sama da awa 6, sannan ki sake kusan awa 3 ki dawo. Ƙofar jirgin matsattsiya, ga matakala, mutane na bayanki suna jira ke kina kokawa da akwati, in kin shiga kuma sai kin nemi wanda zai ɗaga miki shi sama. Mai jakar goyo tuni ta zauna ta buɗe goronta.

Fas ce ta gama min da akwati. Tsohon garin mota ba ta shiga, tasi zai ajiye ki a bakin ƙofa kamar Bab Bujulud, daga nan ƙafa ce, lungu cikin lungu, gangare da hawa, jakai da alfadarai ne ke dakon kaya, kina jin an ce "balak" ki manne da bango. Lungunan Zangonmu titi ne a kansu. Zawiyar Shehu Tijjani ma can ciki take, kuma masaukin da ke kusa da ita ai cikin lungun yake. Ban yi tafiyar minti 10 ba taya ɗaya ta cire, na dawo ina jan akwati a karkace kamar akuyar da ta ƙi kasuwa, ƙarshe sai mai kura na biya, irin yadda muke kiran kayayo, wato ƴan dako, a kasuwar Kejetia, sai dai shi ba na jin yarensa balle in yi ciniki. Muka isa masauki, ɗakina hawa na uku, ba lifta.

Abin haushin, da na dawo Kumase na buɗe akwatin, kaya kala 9 na ɗauka har da leshi biyu, 4 kawai na sa. Leshin ko warwarewa ban yi ba. Waye ya san ki a can? Ba biki za ki ba.

Zuwana na biyu jakar goyo na ɗauka, abaya 3 marasa nauyi, mayafi 3, takalmi ɗaya a ƙafa da silifas na alwala, ƴar darduma mai naɗewa, magunguna, caja, da guntun sabulun Key. In na dawo da dare in wanke ta yau in shanya, musamman Marakesh iskarsu busasshiya ce, kafin gobe ta bushe.

Inda akwati ya fi ƙarfi ɗaya ne, tsaraba. Mu ƴan Zango ba a dawowa hannu rabbana, wannan jallabiya, wancan takalmin fata, ga carbi ga turare ga man argan, su kuma masu ruwan dole ƙasan jirgi. To dabarar, ki naɗe jakar leda mai zif ki cusa a ƙasan ta goyon, Fas ki sayi ƙananan abin tabarruki kawai, sauran ki bari sai Marakesh tunda ita ce ta ƙarshe. Kilo 23 ɗin da ba ki taɓa ba a tafiya yana nan yana jiran ki a dawowa.

In kina da ciwon baya ko gwiwa kada ki matsa wa kanki da goyo, ƙaramin akwatin da ake shiga da shi ciki ya wadatar, wanda za ki iya ɗagawa da hannu ɗaya. Ba ki faɗi watan tafiyar ba ma, in Disamba ne ko Janairu sanyin Fas da dare ba irin hunturunmu ba ne, rigar sanyin a jikinki za ki sa ta ki hau jirgi, kar ta cinye miki rabin jaka.